Wa Zai Bi Bayan Sungumi

Ni dai tun farko ban so tafiyar nan ta Yamai ba, amma ban faɗa ba. To da wane baki? Zuhaira matata ce, amma kafin ta zama matata ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, kuma tun muna yara a ƙauyenmu na wajen Ollelewa ba mu taɓa yi wa juna miƙaƙƙiyar magana ba. In na ce mata ta yi kyau, sai ta dafa goshina ta ji ko zazzaɓi ne ya kama ni. Ita Sarkin Noma take ce mini, don gonata ba ta taɓa cika rumbu ba. Ni kuma Madam Biro nake ce mata. Haka aka ɗaura mana aure, haka muka tare a Tanut, ba abin da ya sake.

Sunana Yahuza. Gyaran moto nake, wato babur, a bakin kasuwa, kuma mutane na cewa ina da saurin fushi. Ƙarya suke, su ne ke kawo mini moto bayan sun gama kashe ta.

Zuhaira kuwa a wani froje take aiki, masu gina rijiyoyi a ƙauyukan Damargu. Biron kula da ma'aikata take, wato ofishinsu. Ita ta san wanda aka ɗauka, wanda ya yi rashin lafiya, wanda matarsa ta haihu, wanda ya yi faɗa da shofer, wato direba. Duk wanda ke da kuka wurinta yake zuwa. Amma kujerar shef, wato shugaban wurin, ba tata ba ce, don ba ta da takardar karatun da ake nema. Shef daga Yamai ake turo shi, ya yi shekara biyu yana ƙorafin zafi, kafin ya gane garin an ɗauke shi an kawo wani.

Duk wanda aka haifa a Damargu ya san ranar ruwan shuka. Ba a sanar da ita. In ruwa ya sauka ya jiƙa ƙasa, washegari ba ka samun kowa a kasuwa, ko mai shayi ya gudu. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe laima, in ka yi nawa ta bushe ka zauna jiran wani ruwan da ba ka san ranarsa ba. Mu ma haka muke yi. In ɗaure sungumi a moto, Zuhaira ta hau baya da buhun iri, sai ƙauye. Ni ke gaba ina sara, kowane taki rami. Ita tana biye da ƙwarya, ta jefa hatsi ta rufe da diddige, bakinta kuwa bai hutawa.

"Sarkin Noma, wannan layi ne ko hanyar maciji?"

"Ke dai zuba iri, Madam Biro. Hatsi bai san layi ba."

Ba na juyawa in dube ta. Ba sai na juya ba, ina jin takunta da ƙarar irin cikin ƙwarya.

A biro ma da can tana da dabararta. Ranar ruwa sai ta raba masu gadi da shofer-shofer, wasu su je gona da safe, wasu da yamma, wani ya riƙe wa wani ƙofa. Ba a rubuce yake ba, shef na lokacin ya kau da kai kawai. Sai bara aka kawo sabo, Mushe Haris, wato Malam Haris a Faransance. Wallahi ba mugu ba ne, har gaisawa muke. Doka ce dai a hannunsa, kuma dokar ta ce duk mai son kwanje, wato hutun aiki, ya rubuto tun da sauran mako biyu. Jama'a, wa ke sanin ruwa tun da sauran mako biyu?

Ruwa ya sauka. Baba Dado, mai gadin biron tun ranar da aka buɗe shi, ya rufe ƙofa ya tafi gonarsa da niyyar dawowa kafin azahar. Ranar ce kuwa manya suka zo daga Yamai suka tsaya a waje suna ta danna oda. Aka sallame shi. Kuma wa aka ba takardar sallamar ta miƙa masa? Zuhaira, don aikinta ne.

Ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Na ce, "Yau Madam Biro azumi take?" Ba ta rama ba. A nan na san abin babba ne.

"Ya karɓa da hannu biyu," in ji ta. "Ya ce, ɗiyata, kar ki damu, na san ba ke ba ce. Da ma zagina ya yi."

"Ba ki faɗa wa shef yadda kuke yi da ba?"

"Na faɗa. Ya ce in nuna masa inda aka rubuta. Na ce to a rubuta. Ya ce shi baƙo ne, ba zai taɓa dokar gida ta ma'aikata ba, sai in wanda zai zauna ne ya tsara ta ya kai sama. Kuma sama ba sa sauraron wanda ba shi da takarda."

Da aka yi girbi ta nemi izini ba albashi, ta sami wata makaranta a Yamai mai koyar da aikin kula da ma'aikata. Ni na kai ta tasha. Ni na ɗora mata jaka. Mota za ta tashi, me kuke tsammani na ce mata? Cewa na yi, "Alhamdu lillahi, kunnena zai huta." Ta leƙo ta taga ta ce, "Ka riƙa wanka dai ko ba na nan."

Kunnena ya huta, har ya gaji da hutawa.

Gida ya zama wani iri. In shiga in yi sallama, in tsaya kamar wawa ina jiran amsa. Akwai wani zanenta da ta manta a igiya, na bar shi nan rana na cinsa, na kasa cirewa, don in na shigo da yamma na hango shi sai in ga kamar tana bayan ɗaki. Tuwon kasuwa na ci har na tsane shi. Ba abincin ne ma ba. Ba wanda ke ce mini na cika gishiri a magana, ba wanda ke dariya in na yi tuntuɓe. Mutum ya wuni ba a zage shi ba, ai wannan ba rayuwa ba ce.

Abokina Aghali, Buzu ne mai sayar da takalman fata kusa da rumfata, shi ke dafa mana shayi. Wata rana ya miƙo mini kofi ya ce, "Yahuza, ka rame."

"Zafi ne."

"Zafin Yamai ko na Tanut?"

"Kai Aghali, ka kiyaye ni."

"Mu in muna kewar mace waƙa muke mata," in ji shi. "Ku Hausawa sai ku riƙa dukan moto da guduma."

Na ce masa ya sha shayinsa. Amma gaskiya ya faɗa, ranar na karya wa wani bawan Allah madubi ba dalili.

Abin da ya riƙe ni shi ne lissafin da na yi wa kaina: za ta gama kafin damina, ranar ruwan shuka tana bayana. Har sabuwar ƙota na sa wa sungumi.

Sai ga kiranta wata Lahadi, ana tsakiyar bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa.

"Sarkin Noma, kana zaune? Akwai magana."

"In kuɗi ne, salular ta lalace."

"Saurara mana. Mun gama karatun da kowa ke yi tare. Yanzu an ce kowa ya zaɓi takardar da zai nema. Akwai wata ta ƙasashen waje da 'yan ajinmu ke rububi, wannan ba ruwana da ita, ta masu son zama Yamai ce. Saura biyu."

"Ina jin ki."

"Ta farko ta lissafin albashi ce. Gajera ce, 'yan makonni ne in yi jarrabawa in taho. In na samu zan koma kujerata ta da, a ɗan ƙara mini wani abu."

Na ce, "To, ɗayar fa?"

"Ɗayar ta dokar aiki ce da shugabancin biron ma'aikata. Ita ce ake nema wurin shef. Mai ita shi ke tsara dokar gida. Amma sai an ƙara karatu, sannan a tura mutum wani kamfani a nan ya koyi aikin da hannu. Sai baɗi war haka."

Baɗi! Na dubi sungumin nan jingine da bango.

"Kai me ka gani?" ta ce.

Kun ga inda ya kamata mutum ya buɗe baki ya yi magana irin ta mutane. Ni kuwa me ya fito? "Ni me na sani, ni da lakwal, makarantar boko, ta kore ni tun ina aji shida? Ki zaɓi wadda ta fi nauyi, in an rasa abin yi da ita a danne buhu."

Ta yi dariya, amma ba irin tata ba. "Ai na san ba ka gaji da hutun kunne ba. Ranar Jumma'a kafin masallaci za mu ba su amsa."

Ta kashe. Na zauna ina zagin kaina da duk zagin da na iya, kuma na iya da yawa.

Kwanakin nan ban yi aikin kirki ba. Ina kwance ƙafar moto ina gardama da kaina. Wa ya ɗora mata ma'aikatan Damargu a ka? Ita kaɗai ce mai ilimi? Baba Dado ai ya riga ya tafi, takarda ba za ta dawo da shi ba. Ni fa, ni ba mutum ba ne? Ni ba ni da haƙƙi? Ta ɗauki gajerar, ta dawo gidanta, in Allah ya so wata shekara ta koma. Na san sarai ba za ta koma ba, wa ke barin aiki sau biyu a sake karɓarsa? Na sani, na dai ture sanin gefe. Har maganar na haddace. Zuhaira, ki dawo. Kalma uku ce, na yi ta maimaita ta har Aghali ya tambaye ni ko wuridi nake.

Ranar Alhamis bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso ta kwashe rumfunan kasuwa, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, bai tsaya ba sai magariba. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Yara na ihu a kwararo, mata na guɗa. Ni na tsaya a tsakar gida na jiƙe sharkaf, ni da zanen nan na igiya.

Da safe na ɗaure sungumi, na ɗora buhun iri inda take zama. Na ce a raina, ina isa gona zan hau tudu inda ake samun rezo salula ta kama, in kira ta, in faɗi kalmomin nan uku kafin ta buɗe baki ta rikita ni. Wannan shuka ta wuce ta, amma ta zo ta tarar da noman farko.

Hanyar fita gari ta gaban bironsu ta bi. Gari fayau, kowa ya tafi. Mutum ɗaya na gani, Husaini, wanda aka ɗauka a madadin Baba Dado. Magidanci ne, ɗan wani ƙauye a hanyar Tarka. Yana tsugune a bakin ƙofa da kakinsa na gadi, ya damƙi ƙasa a hannu yana matsawa yana buɗewa.

Na taka birki. "Husaini, lafiya? Kai ba ka da gona ne?"

"Ina da ita, Malam Yahuza."

"To me kake a nan? Ba ka nemi kwanje ba?"

Ya yi murmushi irin na wanda abin ya fi ƙarfinsa. "Na nema. Ai na ga abin da ya sami Baba Dado, sai na ce ni zan bi doka. Na je wurin tsofaffin garinmu, suka duba taurari da iska, suka ce mini ga lokacin da suke sa rai. Na rubuta tun da wuri, aka ba ni. Na tafi gida na zauna ina kallon sama, ko ɗigo. Na dawo na sake rubutawa, na sake komawa, hadari ya haɗu ya watse. Kwanakina suka ƙare tas. Shekaranjiya na dawo aiki."

"Shekaranjiya!"

"Jiya ruwa ya zo."

"Ba mai shuka maka?"

"Mai ɗakina ta yi nauyi, yau ko gobe. 'Yan'uwa kuwa yau kowa tasa yake."

Wallahi ji na yi jinina ya tafasa. Na sauka daga moto na nufi ƙofar ina faɗa. "Ina shef ɗin? Ya fito ya faɗa mini ko shi ke aiko ruwa! Wace irin doka ce wannan da ba ta san sama ba?"

Husaini ya tare ni da hannu biyu. "Don Allah, Malam Yahuza, rufa mini asiri. In ka yi hayaniya ni za a kora. Shi ma ya ba ni haƙuri da bakinsa, ya ce ba yadda zai yi."

Sai na lura da gindin katangar biron. Ya bi ta da diddige ya yi 'yan ramuka a jere, daga ƙofa zuwa kwana, ya rufe su. Ya ga ina kallo, kunya ta kama shi.

"Irin da ya rage a aljihuna ne," ya ce. "Hannu ne ya ƙi zama."

Na ce masa in na gama tawa zan leƙa tasa. Ya yi godiya. Mu biyun mun san kafin nan ƙasa ta bushe.

Zan hau moto ya ce, "Yaushe Madam za ta dawo? Masu gadin dare sun ce mini lokacin da take nan ba haka ake ba. Sun ce ta tafi neman takardar da za ta gyara mana."

"Tana nan tafe," na ce, na tayar da moto.

Duk tsawon hanyar ina jin haushi. Haushin Husaini da ya tsugunna inda zan gan shi, haushin hanya da ta bi ta nan, haushin tsofaffin garinsu da taurarinsu. Dama da hagu gonaki cike da mutane, bibbiyu bibbiyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ni kaɗai ke tafe da buhu a bayana.

Na isa rana ta ɗan ɗaga. Na hau tudun, na ciro salula. Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba ta ɗauka.

"An yi ruwa," ta ce. Ba tambaya ba ce.

"Wa ya faɗa miki?"

"Inna ta kira ni jiya. Ya jiƙa sosai?"

"Har gwiwar hannu."

"Ƙamshin ya tashi?"

"Ya tashi."

"Nan in an yi ruwa warin kwata ke tashi." Ina jiran ta ce Sarkin Noma, in samu inda zan ɓuya. Ba ta ce ba. "Yaya Yahuza," ta ce, sunan da rabona da jin sa a bakinta tun ba ta fara ɗaura kallabi ba. "Ga ni a ƙofar biron makaranta, kowa ya shiga ya ba da amsa sai ni. Na gaji. Na gaji da garin nan, na gaji da ɗakin haya, ina son gida. Ka ce in dawo kawai, in shiga in ce musu gajerar."

Ga ƙofa ta buɗe mini har bango. Kalmomina uku suna kan harshe, na kwana ina wasa su. Ba abin da ya rage sai in sake su.

"Zuhaira," na ce, "ina kewarki. Wallahi ina kewarki har abinci ba ya mini daɗi. Zanenki na nan a igiya tun ranar da kika tafi, na kasa cire shi. Ban taɓa son tafiyar nan ba, ko na minti ɗaya. Duk abin da na faɗa a tasha ƙarya ne."

Sai na ji tana kuka a hankali.

"Amma ki ɗauki babbar."

"Yaya..."

"Na biyo ta bironku. Husaini na tsugune a ƙofa, ya shuka gindin katanga da diddige." Na ba ta labarin kwanjensa duka. "In kika dawo da gajerar, baɗi ke za a ba takardarsa ki miƙa masa. Kuma ni zan zauna ina kallonki kin kasa cin tuwo. Ba zan iya ba. Shiga ki faɗa musu, kafin in canza magana, don wallahi saura kaɗan."

Ina jin motocin Yamai ta cikin salular, ita kuma na san tana jin kurciyoyin gonarmu.

"Shekara guda fa," ta ce.

"Na iya lissafi, ba a aji ɗaya aka kore ni ba."

Ta ja hanci, ta yi 'yar dariya, wannan karon irin tata. "To wa zai bi bayanka yau?"

"Mutane sun yi layi suna roƙo."

"Maƙaryaci. Ka dai miƙe layin, Sarkin Noma, kar baɗi in zo in ji kunya."

"Tafi, Madam Biro. Za su rufe."

Na sauko daga tudun. Ƙasa ta yi laushi, sanyinta na shiga tsakanin yatsun ƙafa. Na yi bisimilla na ɗaga sungumi. Taki, sara. Taki, sara. Sabuwar ƙotar ta zauna a hannu daidai. Na yi ta tafiya ban juya ba, don ban saba juyawa ba, har na kai kan iyaka wurin tsohuwar aduwa.

A nan na juya. Ramuka ne buɗe a jere har inda na faro, rana ta fara shan laimarsu. Layin kuwa ya miƙe sak, ban taɓa yin irinsa ba, kuma ba wanda zai gani.

Na jingine sungumi a jikin aduwar, na taka na koma farkon layi, na ɗauki ƙwaryar.